Ƙanwarki Ta Zama 'Yar Ƙwallo

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ina yara da babansu? Mu dai sai godiya. Aikin wanki da guga a otal yana nan. Bayana kan yi ƙorafi da yamma, amma kar ki gaya wa Inna, ba wani abu ba ne.

Ga abin dariya: na fara buga ƙwallo! Makarantar su 'yata Auta tana buɗe wa 'yan unguwa filinta ranar Asabar. Na raka yarinyar, sai matan ƙwallon raga suka ce ba su cika ba, suka jawo ni da zanena. Da ba ni da abokin hira sai injin wanki, yanzu har suna suka sa min, wai Katanga.

Bayan wasa, malamar da ke yi wa ɗalibai jagora kan neman jami'a takan zauna da mu. Ta taya Auta zaɓen fanni, ta ce ta rubuta labarin kanta a takardar neman shiga tsakani da Allah, ban da ƙarin gishiri. Sai ta juyo kaina: "Ke fa? Akwai ajin yamma na manya."

Na ce, "Ni da furfura?"

Ta ce, "Furfurar ta hana ki tsalle ɗazu?"

Don Allah ki duba akwatin Baba, ki turo min takardar sakandarena. Ki ce wa Inna ta ninka addu'a, ɗalibai biyu gare ta yanzu.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki