Fim ɗin da Babu Waƙa

Daren Laraba, Kura

Yau maigidana ya dawo daga kasuwar Bunkure da wani tsohon fim ɗin Indiya marar kala a wayarsa. Na gyara zama ina jiran waƙa da rawa. Shiru. Sai wani manomi da matarsa, ko hira ba sa yi.

Na ce, "Yaya, wannan ai maganin barci ne."

Ya ce, "Amarya, ke dai duba hannunta."

Na duba. Mijin zai tafi gona, sai ta ɗebi abincin kwanonta ta ƙara masa, a ɓoye don kada ya gani. Fim ɗin bai ba ni dariya ba, amma har yanzu ina ganin hannun nan. Masu waƙar kuwa, gari na wayewa na manta su.

Na daɗe ina jin haushin bai taɓa gaya min kalamai irin na littattafaina ba. Ɗazu ya fita ban ruwan shinkafa, don layinmu da dare ya faɗo. Sai da na fara rubutu na lura tocilarsa ce a hannuna. Ya bar min ita, ya tafi cikin duhu.