Kogon Irin Gindin Dutse: Mun Ce Babu Komai a Ciki, Ƙarya Muka Yi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumarmu,
ta hannun jarida, tunda ta hannun masinja abin bai yiwu ba.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kuna lafiya, ku da iyali da ma'aikatanku baki ɗaya. Ni ne Haruna ɗan marigayi Mati, manomi a ƙauyen Gindin Dutse, wanda ake isa idan an saki kwaltar Funtua zuwa Malumfashi aka bi burji har ya ƙare. Na rubuto ne a kan kamfanin da ke fasa dutsenmu yana yin tsakuwar titi, da kogon da ke cikin dutsen, da kuma jan fentin da aka shafa wa gidajenmu aka ce mu tashi.

Sau huɗu ina zuwa ofishinku da takarda. Zuwan farko an ce kun yi tafiya. Na biyu an ce akawun da ke riƙe da fayil ɗin ya tafi suna. Na uku na zauna a kan benci tun hantsi har la'asar, aka ce in dawo jibi. Da na dawo jibin, sai na hango takardata a teburin masinja, ya ɗora ƙosansa a kai, mai ya ratsa ta har sunana ya ɓace. Ban yi masa magana ba, don ya girme ni. Na dai hau kekena na koma gida, na ce to, bari in faɗa inda kowa zai ji.

Na ɗaya: abin da ke cikin dutsen.

A gefen dutsen da ke kallon gabas akwai kogo, bakinsa ƙarami ne, sai an sunkuya ake shiga, amma cikinsa ya fi masallacinmu faɗi. Muna ce masa Kogon Iri. Duk shekara bayan girbi, kowane mai gida yakan zaɓi zangarniya mafi kyau a gonarsa, ya sussuke, ya gauraya da toka, ya zuba a tulu, ya liƙe bakin da laka, ya yi shaidar gidansa a jiki, ya kai kogon. Dawa, gero, maiwa, wake, riɗi, duk a can suke kwana har ruwan shuka ya sauka. Gara ba ta hawa wurin, danshi ba ya shiga, gobara ba ta kai can. Shekarar da wuta ta cinye rabin rumbunan garinmu ina yaro, mun sha wuya, amma da damina ta zo kowa ya yi shuka da irinsa. A shekarun farin nan da mutane suka cinye irinsu saboda yunwa, mu ba mu ci namu ba, don ba a buɗe tulu sai gaban jama'a, kuma ba wanda zai iya wannan abin kunya.

Mai kula da kogon shi ne Baba Sarkin Noma, yayan mahaifina. Ranar fitar da iri, Liman yakan yi addu'a, sannan Dattijo Bulus, babban mutanen coci na garinmu, ya yi tasa, sannan a shiga gida gida. Tulun Musulmi da na Kirista a jere suke, kakanninmu ɗaya ne. A saman kogon kuma akwai wani ɗan loko inda malamai ke shiga halwa tun zamanin da ba wanda ya san farkonsa. Yanzu Malam Iro ne ke zama a ciki, tsoho ne, ya fi shekara ashirin yana hawa. Su Dattijo Bulus su ma suna hawa kan falalen da ke sama su yi sujada da safiyar Ista. Ba a taɓa yin faɗa a kan wannan ba.

Na biyu: laifinmu, kuma nawa ya fi yawa.

Na san abin da ke rubuce a fayil ɗinku, don mai kula da aikin kamfanin ya karanta mana shi da babbar murya a ƙofar Mai Unguwa. An rubuta cewa dutsen ba a amfani da shi, kogon kuma babu komai a ciki sai jemagu. Yallaɓai, wanda ya rubuta bai yi ƙage ba. Mu muka faɗa masa haka, kuma da bakina aka faɗa.

Ga yadda aka yi. Shekara uku da suka wuce, bayan an gama kai iri, wata mota ta zo da mutum uku, da igiyar awo da littafi da wani abu mai ƙafa uku da ake leƙawa. Ba wanda ya aiko mana cewa suna zuwa, ba wanda ya ce ga abin da ya kawo su. Lokacin ana biyan haraji. Mu kuwa tun kakanni, duk wanda ya zo da littafi yana tambayar rumbu, an san me yake nema. Dattawa suka taru a bayan masallaci suka yanke cewa masu ƙidaya ne, idan suka ga tulunan nan za su ce garin masu arziki ne a ƙara mana. Nan da nan aka aika aka ja ƙaya aka toshe bakin kogon, aka watsa busasshen kashin jemage a gaba. Ni aka tura in yi magana da su, don na yi aji huɗu a firamare, ina tsintar Turanci kaɗan kaɗan. Baba Sarkin Noma ya riƙe kunnena ya ce ko sun rantsar da ni, jemagu ne.

Babbansu mutumin kirki ne, ba zan zalunce shi ba. Sau biyu yana tambayata ko akwai kabari, ko wurin ibada, ko wani abin da jama'a ke ajiyewa. Na ce babu. Ya ce zai leƙa, na ce akwai kumurci. Ya rubuta, Mai Unguwa ya dangwala yatsa, muka ba su kaza biyu da gyaɗa, suka tafi. Ranar har yabona aka yi a gari, aka ce karatun Haruna ya yi rana.

Harajin da muka yi wa wannan wayo an ma soke shi daga baya. Yau idan na wuce rijiya, matan garinmu sai su ce a ba Sarkin Jemagu hanya. Gwaggona ta ce da ta san abin da aji huɗu zai jawo, da ta ɓoye allon. Ina dariya tare da su. Amma ina tambaya, ranka ya daɗe: mutanen da aka zo wa babu sallama babu bayani, suka tsorata suka ɓoye abincinsu, hukuncinsu shi ne a fasa abincin da nakiya? Da an ce mana dutse ake so a saya, wallahi da mun kwashe ƙayar da hannunmu mun nuna musu abin da ke ciki.

Na uku: abin da ake yi yanzu.

Bara da kaka katafila ta iso. Suka fara daga yamma, muka ce da sauƙi, kogon yana gabas. Ashe dutse jiki ɗaya ne. Kullum, ban da Lahadi, ana busa usur wajen azahar, sai nakiya ta tashi, ƙasa ta girgiza har kwanuka su zubo daga jere. Tun ana jin ta nesa, yanzu sun zagayo sun kusa kafaɗar dutsen.

Watan jiya muka shiga dubawa da Baba Sarkin Noma. Rufin kogon ya tsage, tsaga mai tsawo, ina sa yatsuna uku a ciki. Da rana tsaka haske yana saukowa ta nan, abin da ba a taɓa gani ba. Inda haske ya bi, ruwa zai bi. Wani ɓangare ya ɓallo ya faɗa kan tuluna bakwai, ɗaya nawa ne. Dawa kaura ta mahaifina ce a ciki, gajera mai saurin nuna, wadda shi ma ya gada, ba a samun irinta a kasuwar Funtua ko ta Bakori, na nema. Na durƙusa na tsince abin da ya tsintu cikin tsakuwa da toka, bai cika hulata ba. Baba Sarkin Noma ya fita ya zauna a bakin kogon ya juya mini baya. Ban taɓa ganin ya yi haka ba ko ranar da aka binne ƙanensa.

Malam Iro kuma kunnensa ya yi nauyi, ba ya jin usur. Na roƙi mai kula da aikin ya riƙa aiko mutum kafin a tayar. Ya ce a takardarsa babu mutum a kan dutsen, ba zai aika a kira wanda babu shi ba. Saboda haka ni nake barin aikina kullum kafin azahar in hau in sauko da shi. Wani lokaci yana cikin wuridi, sai in tsaya ina jira ina kallon ƙasa inda leburori ke gudu. Idan na matsa masa ya ce, Haruna, kai da ka ce ba ni nan, me ka zo ɗauka? Ya faɗa yana murmushi, amma ni ba ta ba ni dariya.

Na huɗu: amsoshin da aka ba mu.

Da muka yi ƙorafi, an ce mu kwashe tulunan mu kai gida. Mun gwada da goma. Cikin sati uku gara ta gina a gindin huɗu, don ƙasarmu ta gindin dutse haka take, shi ya sa tun farko kakanni suka hau sama. Kuma wane gida? Gidajen da ke layin gaba duk an shafa musu jan fenti, nawa ne na farko. An ce kafin damina mu koma wani fili a bakin titi. Mun je mun gani. Fako ne, ko tsidau bai fito a kai ba, ruwa kuma sai an yi tafiya mai nisa.

An ce malamin gona zai kawo mana sabon iri na zamani, wanda ya fi namu. Ba mu raina ba. Angurya ma ai daga hukuma muke karɓa duk shekara, mun kuma san ranar da take isowa: wani lokaci sai makwabta sun yi noman farko. Sabuwar dawar mun gwada ta a gonar Dattijo Bulus. Idan ta samu takin zamani tana yi, idan ba ta samu ba sai ta tsaya iya gwiwa tana kallonka. Takin kuwa kun fi ni sanin yadda ake samunsa. Namu irin ya san ƙasar nan, ya san shekarar da ruwa ke ɗaukewa da wuri.

An kuma ce mu masu ƙin ci gaba ne. Wannan ita ta fi ba ni haushi. Ni da nake tura keke cikin taɓo da buhun auduga, ni zan ƙi titi? Ga duwatsu nan birjik daga nan har Dandume, waɗansu ko akuya ba ta hawa. Akwai ɗaya bayan rafinmu, babu gida babu gona kusa da shi. Na nuna wa mai kula da aikin, ya ce tifa za ta ƙara tafiya. To, tifa ta ƙara tafiya mana. Ita ba ta shuka, ba ta da 'ya'ya.

Abin da muke roƙo, ranka ya daɗe:

A dakatar da nakiya a gefen gabas tun yau, kafin tsagar nan ta ƙaru. Hadari ya fara haɗuwa da yamma, kwanakin da suka rage ba su da yawa. Idan ruwan farko ya sami tulunan nan a ƙarƙashin tsaga, iri zai tsiro a ciki ya ruɓe, garin nan kuma ba zai yi shuka da nasa ba bana, wataƙila har abada.

A sake aiko masu awo, a gaya mana ranar da za su zo da abin da ya kawo su, a gyara abin da ke fayil. Idan akwai hukuncin wanda ya yi wa ma'aikacin hukuma ƙarya, ga ni, ba sai an nemo ni ba. A bar su Baba, tsofaffi ne.

A tsayar da maganar tashi har sai an yi wannan.

Sannan ku zo da kanku. Jumma'ar da ta wuce dattawan masallaci da na coci sun zauna, an yi gardama har la'asar, a ƙarshe aka yarda da abin da ba a taɓa yarda da shi ba: baƙo ya shiga Kogon Iri. Baba Sarkin Noma ne ya fi kowa ƙi, shi ne kuma ya ce in rubuta cewa shi zai shige muku gaba. Mota ba ta wuce rafi, amma daga nan tafiyar ƙafa ce kaɗan. Ana cire takalmi a bakin kogon, kuma ba a shiga da wuta, ko fitilar kananzir ko taba, don haka a zo da tocila. Ku zo da safe. Bayan azahar ba zan iya ba ku tabbacin rufin ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku, ya kare ku daga sa hannu a kan abin da ba ku gani da idonku ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, mu da ku.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Haruna Mati,
Gindin Dutse.