Fatihar da Ba a Shafa Ba

Zuwa ga Yayana Haruna, a duk inda Allah ya ajiye ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ƙanwarka ce Safiya daga Umdurman. Ban san ko lafiyarka zan tambaya ko gafara zan nema maka ba. Tun da ka bar aikin bulo a Aljirif ka shiga soja aka tura ku Kudu, kalma ɗaya hukuma ta iya ba mu, "mafgud", wai ka ɓace. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya ga faɗuwarka.

Ka san yadda ake gaisuwar mutuwa a garin nan. Mai gaisuwa ya tsaya gabanka ya ɗaga hannu ya ce "Alfatiha", kai ma ka ɗaga naka, ba ka saukewa sai ya shafa. Inna ba ta taɓa samun wannan a kanka ba. Maƙwabta suna jin nauyin yi mata ta'aziyyar ɗan da wataƙila yana raye, liman kuma ya ce ba zai sallaci wanda ba a tabbatar ba. Haka ta zauna shekara da shekaru, kullum tana zuba tuwonka a kwano ta rufe.

Sai wata maƙwabciya ta gaya mata gwamnati ta gina wuri a Khartum don sojojin da ba a san inda suka kwanta ba. Inna ta ɗauka kabari ne. Na yi bayani har bakina ya gaji, na ce dutse ne kawai, babu kowa a ƙasa. Ta ce, "Gwamnati ce za ta gina kabari ba mutum? Ke dai ba ki da hankali." Daga nan kowace Juma'a sai mun hau bas mun haye gada, ta zuba wa dutsen ruwa daga butarta, ta ajiye wa tsuntsaye dawa a ɗan kasko, kamar yadda ake yi a maƙabarta. Masu gadi suka saba da ita suka ƙyale ta.

Rannan aka sanar cewa shugaban ƙasa daga ƙasar kakanninmu zai kawo ziyara, kuma zai je wurin. Manyan unguwa suka bi gida-gida, wai kowa ya fito da kayan Hausawa. Mu da ake kira Fallata ana yatsina, ake tambayarmu daga ina muka zo alhali a nan aka yanke mana cibi, a ranar, mu ne kayan ado.

Inna ba ta ji haka ba. Abin da ta ji shi ne babban mutum, mai jin harshenmu, zai zo gaisuwar ɗanta. Ta sayi dabino, ta wanke farin mayafinta. Ta ce da ni idan ya yi mata Fatiha za ta shimfiɗa tabarmi ta yi maka sadaka, ta daina rufe kwanon nan. Wallahi na yi murna, Yaya. Na gaji da ganinta tana zabura duk sanda aka taɓa ƙofa.

Da muka isa an wanke wurin tas, kaskonta an yar da shi, an ja igiya. Ta matsa gaba, wani ɗan sanda ya tare ta da sanda yana cewa, "Ya Hajja, koma baya!" Muka tsaya a rana har ƙafafunta suka kumbura.

Can sai jiniya, sai badujalar soja. Sojoji biyu suka ɗauko wani ƙaton gammon furanni. Baƙon ya taɓa shi da kan yatsu, ya gyara ƙyallen da ke jiki, ya ja baya ya tsaya. Wuri ya yi tsit. Inna ta ɗaga hannu.

Shi kuwa hannuwansa suna gefe kamar an ɗinke su da rigar. Mutumin da ke sallah irin tamu! Aka busa ƙaho, ya juyo ya dube mu. Ya ga tsohuwa da hannu a sama, ya ɗauka jinjina take masa. Ya yi mata murmushi, ya ɗaga mata hannu, ya shige mota.

Motoci suka tafi, mutane suka watse, Inna tana tsaye. Na ja mayafinta na ce mu tafi. Ta ce, "Bai shafa ba." Sai da na kama hannuwanta na sauke su da kaina. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani baƙon nan a ranar ba, kuma har yau ban huce ba.

A gida rediyo yana ta yayata cewa babban baƙo ya girmama mazajenmu da suka kwanta dama. Inna ta raba dabinon ga maƙwabta, ta zuba tuwonka ta rufe. Ta ce, "Tunda ba a yi mini gaisuwa ba, Haruna yana nan." Ba ta sake zuwa wurin ba. Ni na koma Juma'ar da ta biyo, na tarar furannin sun bushe a kwandon shara. Bayan shi baƙi nawa suka zo, kowa da nasa gammon, babu wanda ya tambayi ina iyayen waɗannan sojoji.

Inna ta rasu a watan jiya, tana kallon ƙofa. Gida ya cika da masu gaisuwa. Duk wanda ya ɗaga mini hannu, na sa sunanka a zuciyata tare da nata, ban nemi izinin liman ba. Kwanonka kuma na wanke na kife. Idan kana raye, Yaya, ka zo ka yi mini faɗa.

Allah ya jiƙan Inna. Allah ya jiƙanka in ka riga ta, ya haɗa ku inda ba igiya ba ɗan sanda. Na ɗaga muku hannu, na karanta, na shafa. Amin.

Ƙanwarka da ta rage,
Safiya