Sunan da na rubuta a bayan keken Zadok

Adda Ruƙayyatu, don Allah ki taimake ni kafin Asabar, kuma ki yi haƙuri da rubutuna. Allo kawai na yi, boko a waya na tsince shi.

Ni ɗan Yola Gari ne, ina tuƙa keke mai ƙafa uku a layin Bekaji. Ba zan ɓoye miki ba, tsokana a jinina take, tun a makarantar allo nake shan bulala a kanta. A tasharmu muna da wani wasa. Duk wanda ya daɗe a cikinmu sai an laƙaba masa suna, a rubuta a bayan kekensa da fenti ba tare da ya sani ba, ya yi ta yawo da shi muna dariya har ya gani da kansa. Ni ne mai rubutun, don allo ya gyara mini hannu. Ni na rubuta Sarkin Barci, ni na rubuta Ba Canji, ni na rubuta Angon Bara. Ba wanda ya taɓa gogewa, wasu ma har ƙarin fure suke roƙo.

Akwai abokina Zadok. Kirista ne, daga can arewacin jiha wajen duwatsu, sun zo Jimeta lokacin gudun hijira. Ba shi da yawan magana, amma in layi ya rikice shi yake fitowa ya ce wane gaba, wane baya, kuma a ji. Sai na fara ƙame masa ina sara masa kamar soja. Ya ce in bari, ba ya so. Ni kuma in ka ce ba ka so, ka ƙara mini mai ne. Ran wata Lahadi yana coci, kekensa na wajen bakanike, na duba a waya yadda ake rubuta Kwamanda da Turanci, na kwafa baƙi bayan baƙi, har da taurari a gefe. Na zaɓi Turanci ne don ya fi kama da na gaske.

Washegari ya ɗauki fasinja zuwa wata unguwa ta hanyar Namtari inda mutanen ƙauyensu suka zauna. Abin da ban sani ba, Adda, wallahi ban sani ba, shi ne lokacin da aka shiga ƙauyensu yana yaro, 'yan bindigar sun tafi da shi daji, ya yi watanni yana ɗaukar musu kaya kafin ya gudo. Tun daga nan akwai masu cewa a ɓoye ba ɗaukar kaya kawai ya yi ba. Shekara da shekaru yana sunkuyar da kai har maganar ta kusa mutuwa. Sai ga shi ya shigo unguwar da wannan suna da taurari. Wata mata da aka kashe mijinta a gabanta ta gani ta zube a ƙasa. Samari suka fasa gilashin keken, aka ɗauki hoto ya zaga wayoyi. Mai keken, wanda Zadok ke yi wa aiki, ya karɓe abinsa ya kulle a gida. Baba Absalom, mahaifin Zipporah da Zadok zai aura bayan girbi, ya ce a dakata da maganar. Jauro, mai unguwarsu, ya sa zama ran Asabar.

Abin da ya fi ci mini rai, Zadok ya san hannuna. Ya gaya musu ba shi ya rubuta ba, suka tambaye shi to wane ne, ya ƙi faɗa. Na tare shi a bakin kasuwa, ya ce mini kawai in koma gida kada in kuskura in zo, ya san abin da zai biyo baya in aka ji yaron allo ne ya rubuta irin wannan. Ko zagina bai yi ba. Da ya mare ni da na fi samun barci.

Na gaya wa Dada, mahaifiyata. Ta riƙe mini riga ta ce in na buɗe baki ba ta yafe ba. Kada ki ga laifinta. A shekarun nan da ake kwashe samari, an tafi da Hamma Zubair, yayana, a kan wata magana da bai san kanta ba, har yau ba gawa ba labari. Ni kaɗai na rage mata.

Ga dabarar da na yi. Yaron gidan mai keken abokina ne, zai bar ni in shiga in shafe sunan in rubuta wani. Ke da kika yi karatu, wace kalmar Turanci ce daidai ga mai tsara layi, wadda ba ta da haɗari? Ciyaman, ko Kaftin, ko Oga? In suka ga an canza, ai za su gane wasa ne, ko?

Mai Tsokana, Yola Gari

Ƙanena,

Bari in fara da tambayarka. Kwamanda a Turanci mutum ne da ke da mutane a ƙarƙashinsa, yawanci masu makami, wanda in ya ba da umarni ba a musu. Kaftin ma daga gidan ya fito. Ciyaman na wanda aka zaɓa ne, kuma ƙungiyarku tana da nata. Amma matsalarka ba ta zaɓen kalma ba ce. Lokacin da kake sara masa a tasha, kowa na ganin fuskarka yana jin dariyarka. Da ka sa shi a fenti, sunan ya tafi unguwar da ba ka nan, ya tsaya gaban matar da wataƙila ta taɓa jin ana kiran wani da shi ranar da ta rasa mijinta. A garin nan akwai kalmomin da ba su huce ba tukuna.

Kada ka shiga gidan mai keken. Hoton yana wayoyin mutane. In aka wayi gari an shafe, za a ce Zadok ne ke ɓoye shaida, kai kuma in an kama ka a ciki ka ƙara wa kanka wani laifin.

Tsoron Dada gaskiya ne, ba zan ce maka babu haɗari ba. Amma ka dubi ɗaya ɓangaren. Zadok ya taɓa ɗaukar kayan da ba nasa ba, yanzu ga shi yana ɗaukar naka, da aikinsa da aurensa, wataƙila da ransa. In ka yi shiru, Asabar za ta wuce, shi kuma zai zauna da sunan har tsufansa.

Don haka ka je, amma ba kai kaɗai ba. Ka fara samun ciyaman ɗinku da malaminka na allo ka gaya musu komai, su je wajen Jauro tun kafin zaman, ya san da zuwanku, ya kuma shirya yadda ba za a taɓa kowa ba. Ka sanar da Zadok, kada ya gan ka kwatsam. Ranar, ku jera kekunan nan a ƙofar Jauro, Sarkin Barci da Ba Canji da Angon Bara, kowa da mai shi. Hannu ɗaya ne, ko wanda bai iya karatu ba zai gani. Ka faɗi abin da ka yi, ka faɗi cewa ya hana ka tun farko ba ka ji ba. Labarin dajin kuwa kada ka taɓa shi, nasa ne. Ka ba matar nan haƙuri, ko ba ta karɓa ba.

Dada kuma, malamin da wani babba na gidanku su zauna da ita kafin ranar. Kada ta ji a bakin maƙwabta.

Ban yi maka alkawarin Baba Absalom zai sauko ba, ko Zadok zai sake dariya da kai. In keken ya dawo hannunsa, ka nemi izininsa ka shafe fentin da rana a gaban mutane, ka bar wurin fili. In wata rana yana son suna, shi zai gaya maka.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo wa Dada da kai lafiya, ya kuma wanke Zadok a idon mutanensa.

Adda Ruƙayyatu