Ranar da na kai Nana bakin rafi

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Yaya maigidan da yara, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Kwanyawa lafiya lau, har an fara cirar gyaɗa.

Labarin 'yarki Nana zan ba ki. Shekara huɗu ban bari ta kusanci rafi ba, tun da tsofaffi suka ce 'yar ruwa ce, wai ranar da ta ga ruwa za ta koma inda ta fito.

Ran Talata wata malamar asibiti ta tara mu a Karaye, kowace uwa da irin Nana a cinya. Ashe muna da yawa! Ta ce sunan lalurar Down syndrome, kuma babu ruwan aljanu a ciki. "Za ta koyi abubuwa, a hankali ne kawai," in ji ta. "Ku kawo ta a duba zuciyarta da kunnenta, ku riƙa zuwa duk wata."

A hanyar dawowa na bi ta bakin rafi. Na sauke ta. Ta tsoma ƙafa, ta ƙyalƙyale da dariya, ta kamfato ruwa a tafin hannu ta juyo ta kawo mini. Yaya, wurina ta dawo.

Tun ranar nake mafarki ido biyu, ina ganin ta da ɗan hijabi tana bin sa'o'inta makaranta.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Gobe tare da Nana za mu wanki a rafi.

Ƙanwarki,
Hauwa