Kujerar Mota Mai Lamba 14

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Sufuri
Daga: Direban mota mai lamba 14
Kwanan wata: 9 ga Yuli

Game da: Lalacewar kujerar direba da takardar gargaɗi ta biyu da aka ba ni

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Tun ranar 3 ga Afrilu kujerar direba ta motar nan, mai aiki da lantarki, take zamewa baya da kanta ina cikin tuƙi, sannan maɓallin ya ƙi dawo da ita. Ni kuwa, kamar yadda kowa ya sani, Allah bai ba ni tsawo ba. Idan ta zame, da kyar yatsun ƙafata suke taɓa birki.

2. Na kai ta garejin ma'aikata sau huɗu: 5 da 22 ga Afrilu, 14 ga Mayu, da 11 ga Yuni. An canza fis, an canza maɓalli, an jona kwamfuta. Duk zuwa, mai wayarin, wato makanikin lantarki na garejin, yakan buɗe ƙofa, ya tsaya daga waje ya danna, kujera ta yi gaba ta yi baya lafiya lau, ya rubuta babu matsala.

3. Ranar 18 ga Yuni ta zame a mahaɗar asibiti, ina ɗauke da ma'aikata uku. Saura ƙiris na hau kan mai keke. Na ajiye motar na ƙi ɗauka, shi ne aka ba ni takardar gargaɗi ta biyu cewa ina ƙirƙirar ƙarya don gudun aiki. Ta uku, bisa ƙa'ida, kora ce. Shekarata ashirin da shida a nan, saura wata takwas na yi ritaya.

4. Da na rasa mai saurarona, na sa surukina, mutum mai jiki, ya zauna a kai, ni na durƙusa da tocila. Da nauyi ya sauka, ƙarfen kujerar sai ya danne wata waya da ta goge a ƙasa. Da ya tashi, ƙarfen ya sake ta. Ashe sai da mutum a kai laifin yake fitowa.

5. Na faɗa wa mai wayarin. Ya yarda zai iya yiwuwa, amma ya nuna mini sanarwar ofishinka ta 2 ga Janairu, wadda ta hana makanikai zama a kujerun motocin ma'aikata da tufafin aiki don kada baƙin mai ya ɓata kujerun. Ni kuma doka ta hana direba tsayawa cikin gareji lokacin gwaji. Ba na ganin laifinsa, shi ma tsoron takarda yake ji. Wata uku ke nan ana gwada kujera babu kowa a kanta.

Yallaɓai, wallahi na gaji. Ina tuƙi da matashin kai biyu a bayana, gwiwata ta kumbura, kullum na fita sai uwargidana ta bi ni da addu'a har bakin ƙofa.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a janye takardar gargaɗin, kuma a ɗage sanarwar nan na minti biyar kacal, mai wayarin ya zauna a kujerar ya gwada. Idan baƙin mai ne abin gudu, na riga na kawo tsohon zanen gado daga gida, yana cikin but ɗin motar.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Mai biyayya a gare ka,
Direban mota mai lamba 14
(wanda ake kira Baba Guntu)