Baƙin Lungelo a Bakin Tekun Mazibeni

Mazibeni, 1 ga Disamba, 1997

Lungelo, ƙanena,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, an yi ruwa sau biyu. Gaisuwar ke nan, ba ni da haƙurin tsawaita ta.

Ranar Juma'a na zo hutu daga asibitin da nake aiki. Na hau tudun yashin bayan gida in duba teku, sai na ƙirga tanti tara da motoci huɗu, irin masu gado da murhu a ciki. Sun jeru a bakin kogi, daidai inda yake shiga teku. An ɗaure igiyar shanya a bishiyar da Tata, mahaifinmu marigayi, ya saba zama. Shanunmu da suka saba kwanciya a kan yashi da rana suna tsaye daga nesa suna kallo.

Na sauka na tambayi wani Bature mai ƙonannen wuya wa ya ba su izini. Ya yi murmushi, ya zaro yankin jarida daga aljihu. Rubutunka ne, da sunanka, da hotonka: "Mazibeni: babu shinge, babu ƙofa, babu mai karɓar ko kwabo. Kafa tantinka inda ka ga dama." Har taswira ka zana musu, har inda ake juyawa bayan kanti.

Ko ka manta ranar ashirin ga wata Mama za ta fita daga takaba? Shekara guda tana cikin baƙaƙen kaya. Tsofaffin mata za su kai ta gurbin ruwan nan na bakin kogi da fitowar rana, su tuɓe ta, su wanke ta, su ƙona baƙaƙen, su sa mata sababbi. A nan aka wanke kakarmu, a nan aka wanke uwarta. Idon namiji ba ya ganin wannan. Yanzu wani koren tanti ne a wurin.

Baffa Velile ya tara samari za su tumɓuke turakun tantunan, mai unguwa ya tsayar da su.

Ya ce, "Wa ya kira mutanen nan?"

Aka ce, "Ɗan Ndabeni."

Ya ce, "To baƙin gidan Ndabeni ne. A garin nan ba a korar baƙon wani. Wanda ya kira shi ke sallama, ya yi rakiya har hanya."

Baffa ya ce, "Ai ni ƙanin ubansa ne."

"Hotonka ne a takardar, Velile? Wannan yaron yana da gashi."

Mutane suka yi dariya. Mama ba ta yi ba. Tunda an ce baƙin gidanta ne, kullum da safe tana aika musu itace da nono. Da baƙin mayafinta take ɗaure itacen, ina kallo.

Ka zo ka sallami mutanenka.

Yayarka,
Thozama

*

East London, 6 ga Disamba, 1997

Sisi Thozama,

Yayata, ina gaishe ki da girmamawa, ki gaishe mini da Mama da Baffa. Wasiƙarki ta iso jiya, na karanta ta sau biyu.

Bari mu rarrabe abubuwa, don fushi ya cakuɗa miki su. Na farko, ban gayyaci kowa ba. Na bayyana wuri ne, aikina ke nan a shafin tafiye-tafiye. Na biyu, duk yashin da ruwan teku ke kaiwa na kowa ne a doka, ba na gidanmu ba, ba na mai unguwa ba. Ko na zo, ba ni da ikon tayar da mutum. Na uku, babu wanda ya taɓa gaya mini a gurbin nan ake wankan. Ina shekara goma sha ɗaya aka kai ni makarantar kwana, kuma abin mata ne, kun ɓoye shi da kyau. Ni abin da na sani game da wurin shi ne Tata yana kai ni kamun kifi, mu shimfiɗa bargo a kan yashi. Shi ya sa na rubuta. Wurin da na fi so a duniya ne.

Disamba ne, rabin ma'aikatanmu suna hutu, ba zan samu fitowa ba sai sha tara. Amma na yi magana da edita. Ranar Asabar mai zuwa zan buga sanarwa a shafin, in roƙi mutane su bar wurin ranar. Masu karatunmu mutanen kirki ne, Sisi. Idan aka yi musu bayani suna ji.

Ki ce wa Mama ta daina wahalar da kanta da itace. Suna da tukunyar gas.

Ƙaninki mai biyayya,
Lungelo

*

Mazibeni, 16 ga Disamba, 1997

Lungelo,

Gaisuwa. Direban tasi na ba wannan, don gidan waya ya yi mini jinkiri.

Na ga sanarwarka. Wata mata ce ta nuna mini ita. "Ana roƙon baƙi su kauce wa bakin kogin Mazibeni safiyar Asabar, ashirin ga wata, saboda wani tsohon bikin gargajiya na mata da ba kasafai ake gani ba." Ba kasafai ake gani ba! Ka ba su rana, ka ba su lokaci, ka ba su wuri, ka yayyafa musu gishiri a kai. Da ka ƙara da farashin kujera.

Tanti talatin da ɗaya ne yau. Jiya wani dogo mai kyamara biyu a wuya ya tare ni a hanyar rijiya.

Ya ce, "Sisi, ƙarfe nawa za a fara rawar?"

Na ce, "Wace rawa?"

"Ta matan. Ba zan dame su ba, daga kan tudu zan ɗauka. Gilashina yana jawo abu daga nesa."

Na ce masa uwata ce, tsirara za a yi mata. Ya ce ayya, sannan ya tambaya ko daga baya kaɗai zai iya ɗauka. Da tulu a kaina, Lungelo. Ban san abin da ya hana ni maka masa shi ba.

Ka ce ba ka gayyaci kowa ba. Mutumin da ya tsaya a kasuwa ya ce ƙofar gidansu a buɗe take, ga hanya, me ya yi? Ka ce doka. To ka zo ka karanta wa Mama dokar, tana zaune a tabarma cikin kayan da ta yi shekara tana wanke su da yamma ta mai da su da safe. Ka ce an ɓoye maka. Ka taɓa tambaya? Ranar jana'izar Tata kwana biyu ka yi, rabinsu kana neman inda za ka buga waya.

Na faɗa mata maganar tukunyar gas. Ta ce, "Ɗana ya kira mutane bai bar musu itace ba, ni kuma in bari a ce gidan Ndabeni ne?" Ta ci gaba da ɗaurewa.

Kwana huɗu ya rage. Kada ka sake rubuta komai a jaridar nan. Ka zo da ƙafarka.

Thozama

*

Mazibeni, 21 ga Disamba, 1997

Zuwa ga Lungelo, ɗan yayana marigayi,

Ina gaishe ka da sunan Ubangiji. Malamin makaranta ne yake rubuta mini, don haka zan faɗi abin da ya faru kawai.

Mun jira ka ranar Juma'a har tasin ƙarshe. Ba ka zo ba.

Jiya da fitowar rana mata bakwai suka ɗauki mahaifiyarka. Mu maza muka tsaya a garke kamar yadda ake yi. Ba a jima ba suka dawo. Sun ce da suka hau tudu suka tarar da mutane a zaune a kujerun naɗewa, da kofin shayi a hannu, suna fuskantar gurbin. Wasu sun tafa. Mahaifiyarka ta tsaya, ta juyo gida.

An riga an yanka tunkiya, an dafa masara da wake, dangi sun zo tun daga Flagstaff. Sun ci abincin fitar takaba, mai takabar tana zaune cikin baƙaƙen kaya. Shekarata saba'in da ɗaya ban taɓa ganin haka ba.

Tsofaffin mata sun ce ba za su sa wata rana ba sai yashin ya koma babu kowa. Mai unguwa yana kan maganarsa. Yayarka ta koma aiki yau da safe, ta ce kada a ambaci sunanka a gabanta.

Mahaifinka ya bar gida a hannunka. Ban san abin da ake koyarwa a inda kuka yi karatu ba.

Baffanka,
Velile Ndabeni

*

Mazibeni, 4 ga Janairu, 1998

Sisi Thozama,

Ina gaishe ki, ko za ki amsa ko ba za ki amsa ba. Daga gida nake rubutowa.

Ranar sha tara na zo har tashar Lusikisiki, mita kaɗan daga asibitinku. Na zauna a benci awa biyu, na hau motar komawa. Ba aiki ba ne ya hana ni. Fuskar Mama na kasa tunkara. Ki riƙe wannan, ki yi abin da kike so da shi.

Na iso ranar ashirin da bakwai. Na ce wa Baffa zan sauka in yi musu jawabi gaba ɗaya. Ya ce, "Taron siyasa ne? Baƙo ɗaya-ɗaya ake sallama." Ya koya mini. Ka je da ƙwaryar nono. Ka zauna a ƙasa. Ka tambayi lafiyar gidansu, ka ci abin da suka ba ka. Sannan ka ce gida yana da wata lalura, hanya ta yi kira. Idan sun naɗe kaya, ka bi motar a ƙafa har kanti. Kilomita uku ne, hawa ne, kin sani. Na ce ai zan iya shiga motar su sauke ni. Ya ce, "To su ne suka raka ka ke nan."

Kwana takwas na yi. Na ci gasasshen tsiran alade har na tsane shi. Ƙafata ta yi kanta.

Yawancinsu sun ji kunya. Wata uwa daga Mdantsane, mai 'ya'ya huɗu, tun ban gama ba ta fara zare turaku. Ta ce, "Takaba? Kai ɗan wane gida ne? Ka rubuta biki! Da ka ce takaba wa zai zo? Uwarka ta haife ka ko jarida?" Har muka kai kanti tana leƙowa ta taga tana ƙara mini.

Mai koren tantin shi ya fi wuya. Tsohon lauya ne daga Durban. Ya ce, "Samari, yashin da ruwa ke kaiwa na kowa ne. Ba ka da ikon tayar da ni." Kalma a kan kalma abin da na rubuta miki. Na ce gaskiya ne, ba ni da iko. Na ajiye nono, na zauna. Washegari na koma, na zauna. Rana ta uku ya ce, "Har yaushe za ka riƙa zuwa?" Na ce har ya tafi, domin baƙona ne, uwata kuma tana cikin baƙaƙen kaya. Matarsa ce ta naɗe tantin. Shi bai ce mini sai an jima ba, ya kuma taka mota da gangan, na bi ƙurarsa a guje, yaran kanti suna ihu.

Har yanzu ina jin haushinki, in faɗa miki gaskiya. Layi ɗaya tun bara, "gurbin nan na Mama ne," da duk wannan bai faru ba. Amma na san wanda ya zana taswirar.

Tun jiya babu kowa a yashin sai shanu. Matan sun sa Asabar, goma ga wata. Sun ce in bar garin kafin nan, kuma kada in yi alƙawarin komai a rubuce. Mama ba ta ce mini komai ba tun zuwana sai "ga abinci" da "ka sa gishiri a ruwan ɗumi ka jiƙa ƙafar."

Ki nemi hutun kwana biyu. Ba za ta sauka babu ke ba.

Ƙaninki,
Lungelo

*

Mazibeni, 11 ga Janairu, 1998

Lungelo,

Gaisuwa. Na samu hutun.

An yi. Kada ka tambaye ni yadda aka yi. Ba zan gaya maka ba, kuma ba don kai namiji ne kaɗai ba.

Yau Mama ta tafi coci da shuɗiyar riga. Ta yi mata yawa a kafaɗa, ta rame fiye da yadda baƙaƙen kayan suka bari mu gani. A hanya ta tsaya gaisawa da kowa, har muka makara.

Ta ce in tambaye ka ƙafar. Na tambaya.

Ni ban huce ba tukuna.

Yayarka,
Thozama